Na'ura ta ce ba hannun Baba ba ne

Maman Walid: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma raina a ɓace yake, ku yi haƙuri in na tsawaita. Jiya na raka mahaifinmu banki zai ciri kuɗin fanshonsa. Baba malamin firamare ne, shekara 35 ya yi yana koyarwa kafin ya yi ritaya. Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Alhamdulillahi ya samu sauƙi, yana takawa da sanda, maganarsa tana fita, hankalinsa garau, amma hannun bai dawo yadda yake ba. Katinsa na cirar kuɗi wa'adinsa ya ƙare, shi ya sa muka je kanta.

Na cike masa takardar, na miƙa masa biro. Sai da ya sa hannun hagu ya gyara wa na dama riƙon biron, ya dafe takardar da gwiwar hannu, sannan ya fara. Harafin farko ya fito, amma jelar da yake ja a ƙarshe, wadda duk wanda ya taɓa karɓar sakamakon jarrabawa a hannunsa ya sani, ta karye biyu. Kashiya ta dubi kwamfutarta ta ce bai yi daidai ba, ya sake. Ya sake. Sau huɗu, kuma kowanne ya fi na baya lalacewa saboda hannun ya gaji, ga layi a bayanmu ana tsaki. A ƙarshe ta ce na'ura ba ta karɓa ba, babu yadda za ta yi. Ga shi a tsaye a gabanta, ga takardar NIN ɗinsa, ga lambar BVN. Baba ya ninke takardar ya sa a aljihu ya ce mu tafi. Har muka iso gida a adaidaita bai ce uffan ba.

Wai wace na'ura ce wannan da ta fi mutum sanin kansa? Kuma yanzu me ya kamata mu yi?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa malam lafiya, ya sa kaffara ne.

Alhaji Kabiru Kwari: Allah ya ba shi lafiya. Amma Maman Walid, bari in faɗi abin da ba za ki so ji ba. Ni da a ce an tsaurara haka tun da, da ban yi asarar da na yi ba. Wani yaron shagona, wanda na riƙe shekara shida, ya zauna ya koyi sa hannuna a bayan tsofaffin rasitai. Ya yage ganye biyu daga tsakiyar littafin cek ɗina, ba daga sama ba, don kada in lura. An biya shi duka biyun. Da aka nuna mini takardun, wallahi ni kaina sai da na yi shakka ko ni na sa. Idon mutum ne ya duba ya ce ya yi. To in akwai na'urar da za ta hana irin wannan, ni ina maraba da ita, ko da za ta sa in maimaita sau goma.

Maman Walid: Alhaji, kai kana iya maimaitawa sau goma. Baba sau huɗu ya yi hannunsa ya fara karkarwa. Kuma yaronka ba kai ba ne, cek ya kai. Baba shi ne da kansa ya je.

Hajiya Rabi: 'Yata, ki kwantar da hankalinki. Na yi shekara 22 a aikin banki, kusan rabinsu a kanta, bari in gaya miki yadda abin yake a inda na yi aiki. Ranar da mutum ya buɗe asusu, akwai katin da yake sa hannu a kai. Ana ɗaukar hoton katin a saka a kwamfuta tare da hoton fuskarsa. Duk ranar da ya kawo takarda, kashiya tana buga lambar asusun, hoton katin ya fito mata, ta kwatanta da ido. Sau da yawa in kin ji an ce "na'ura ta ƙi", idon kashiyar ne ya ƙi, ta jingina wa na'ura don kada a yi rigima da ita. Akwai manhajojin da ke ba da maki su ce kamannin ya kai kaza, musamman wajen tantance cek masu yawa, amma ko da su, a ƙa'ida mutum ne ke yanke hukuncin ƙarshe.

Kuma kada ki ga laifin yarinyar gaba ɗaya. In ta biya aka zo aka ce jabu ne, a albashinta za a cire, wani lokaci har aikin ya tafi. Tsoro ne ke aiki. Inda ta yi kuskure shi ne da ba ta tura ku wajen shugaban sashen ba. Mai asusu yana tsaye, akwai zanen yatsarsa da hoton fuskarsa a BVN tun da aka fito da tsarin a 2014, to me ya rage? Ku koma, ku wuce kanta, ku nemi manajan ayyuka, ku ce kuna son sabunta katin sa hannu. Ku tafi da takardar asibiti.

Injiniya Nura: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni a wannan fannin nake karatun digiri na biyu, bari in ɗan buɗe cikin na'urar don a san abin da take iyawa da abin da ba ta iyawa.

Tantancewar iri biyu ce. Akwai wadda ake ba kwamfuta hoton sa hannun da aka riga aka yi a takarda. Abin da take gani kawai shi ne siffa: tsawo da faɗi, karkatar haruffa, inda layuka suka gitta juna, kaurin tawada. Akwai kuma wadda mutum ke sa hannu a kan allo na musamman da alƙalaminsa, allon yana ɗaukar wurin da bakin alƙalamin yake sau ɗari ko fiye a kowace daƙiƙa. Wannan tana ganin abin da ido ba ya gani: ina ka fara, ina ka yi sauri, ina ka danna, sau nawa ka ɗaga hannu, har motsin alƙalamin a iska kafin ya sake sauka, a allunan da ke iya ɗaukar hakan.

Alhaji, yaronka zai iya cin irin ta farko, domin siffa ya koya. Ta biyun ce za ta ba shi wahala. Kai sa hannunka ba tunaninsa kake yi ba, hannun ne ya haddace, cikin daƙiƙa biyu ka gama. Shi kuwa zane yake yi, yana tafiya a hankali, yana tsayawa a kwana yana duba na asali. Siffar za ta fito, amma tafiyar ba taka ba ce.

Alhaji Kabiru Kwari: To ai ka ga maganata. A kawo ta biyun.

Injiniya Nura: Ba a nan gizo yake saƙar ba, Alhaji. Abin da ke tona mai kwaikwayo shi ne jinkiri, rawar layi, da tsayawa inda bai kamata ba. To su ne kuma alamomin hannun Baban Maman Walid a yau. A idon na'ura, tsoho mai lalura da ɓarawo mai taka-tsantsan kamanninsu ɗaya. Wannan ita ce matsalar da ta fi damuna a duk fannin.

Kuma na'urar ba "e" ko "a'a" take cewa ba, maki take bayarwa. Mutum ne ke zama ya ce daga maki kaza zuwa sama a karɓa. Kamar mai gadi ne: in ka ce masa ya tsaurara, ɓarawo ba zai shiga ba amma wata rana mai gidan ma zai kwana a waje. In ka ce ya sassauta, mai gida zai shiga lafiya, ɓarawo ma ya bi bayansa. Ba za ka rage ɗaya ba sai ɗayan ya ƙaru. A gasar duniya ta farko da aka yi kan wannan, a Hong Kong a 2004, manhajar da ta zo ta ɗaya ta wasu masu bincike ce daga Jami'ar Sabanci ta Turkiyya, kuma a daidai inda kuskuren biyu suka yi kunnen doki ta yi kuskuren kusan kashi 3 cikin 100 a kan ƙwararrun masu kwaikwayo. An ci gaba sosai tun daga lokacin, amma ku lura, wannan a ɗakin gwaji ne, da mutane masu lafiya a zaune a kujera, ba tsoho a tsaye da sanda ana masa tsaki ba.

Ummi: Yaya Nura, ni abin da ban gane ba, tunda ko ni ba na iya sa hannu iri ɗaya sak sau biyu, ta yaya na'urar take sanin duka nawa ne?

Injiniya Nura: Tambaya mai kyau, ƙanwata. Kin san in almajirai biyu suka biya aya ɗaya, wani ya ja nan ya yi sauri can, ɗayan ya yi akasin haka, malam yana jin cewa aya ɗaya ce, domin yana bin kalma da kalma ne, ba agogo ba. Dabarar da waccan manhajar ta Turkiyya ta yi amfani da ita kenan: ta miƙe wani sashe, ta takura wani, har sa hannun biyu su jeru gaɓa da gaɓa, sannan ta auna abin da ya rage na bambanci. Shi ya sa tsari mai kyau ba ya karɓar samfuri ɗaya, yana son biyar ko fiye, don ya san iyakar yadda ke kanki kike sauyawa. Na zamani kuma ana horar da su ne da dubban misalai har su koyi bambance na gaske da jabu. Tun 1993 aka fara wannan a ɗakin binciken Bell na kamfanin AT&T a Amurka, masanin kwamfuta Yann LeCun yana cikin waɗanda suka yi aikin, kuma burinsu a lokacin shi ne a taƙaita sa hannun mutum ya shiga cikin baƙin layin nan na bayan katin banki.

Barista Sadiƙ: Ummi, abin da kika faɗa ma hujja ce a kotu, amma ta juye. In aka samu sa hannu biyu da suka hau kan juna sak, babu ko ɗigon bambanci, alama ce ta cewa an ɗora takarda a kan ɗaya an bi sawunsa. Akwai tsohuwar shari'ar gado da aka yi a jihar Masacuset ta Amurka, aka yanke a 1868, kan wasiyyar wata attajira Sylvia Ann Howland. 'Yar 'yar'uwarta ta kawo wata takarda da ta ce marigayiyar ta sa wa hannu. Aka kira malamin lissafi na Jami'ar Harvard, Benjamin Peirce, ya nuna cewa layuka 30 masu gangarowa na sa hannun da ake jayayya a kai sun faɗa daidai kan na wasiyyar ta asali, alhali a cikin sa hannu 42 na gaske da aka gwada ba a samu irin wannan dacewar ba. Kotun a ƙarshe da wani dalili daban ta yanke hukunci, amma maganar ta zauna.

Yanzu ga abin da ya shafe ku ku biyun. Alhaji, a dokarmu ta takardun kuɗi, sashe na 24, sa hannun jabu ba shi da wani tasiri. Ma'ana, in banki ya biya cek da ba kai ka sa wa hannu ba, asali ba shi da ikon cirewa daga asusunka, sai in akwai abin da ka yi da zai hana ka musantawa, misali ka san ana yi ka yi shiru. Wannan ne ya sa bankuna ke ɗaure ma'aunin tamau: in ɓarawo ya wuce, su ke biya. In an kori mai asusu na gaske, shi ke biyan kuɗin adaidaita da ɓacin rai, su ba su yi asarar ko kwabo ba. Duk wanda ke saita makin nan da Nura ya faɗa, ya san wane kuskure ne zai ci aljihunsa.

Maman Walid, ke kuma akwai Dokar Kare Bayanai ta 2023. Sashe na 37 ya ba mutum haƙƙin kada a yanke masa hukunci mai nauyi da na'ura kaɗai, kuma ko a inda aka yarda a yi amfani da ita, yana da damar neman ɗan Adam ya duba, ya faɗi nasa bayanin, ya ƙalubalanci sakamakon. To in da gaske na'ura ce ta ƙi, "babu yadda zan yi" ba amsa ba ce. Ku rubuta ƙorafi, ku karɓi shaidar sun karɓa. In makonni biyu suka wuce ba a warware ba, sai ku kai sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya.

Alhaji Kabiru Kwari: Barista, ina ka shiga shekara huɗu da suka wuce? Ni ce mini aka yi sakacina ne da na bar littafin a durowa, na haƙura.

Barista Sadiƙ: Ka same ni ta waya, Alhaji, a duba takardun. Ban yi maka alkawarin komai ba, domin lokaci ya ja kuma sai na ga me ka sa wa hannu a wancan lokacin.

Dakta Zainab: Ni aikina gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ne, masu shanyewar ɓarin jiki nake gani kullum. Abin da ya faru da Baba a kanta shi ne abin da muke hana iyalai yi a gida. Hannun da ya samu wannan lalura, da zarar mutum ya shiga damuwa ko ya gaji, tsokar tana ƙara ɗaurewa. Wato "sake, sake" ɗin nan da kansa ne ya tabbatar da cewa na huɗun ba zai yi ba. Ba shanyewar jiki kaɗai ba. Mai cutar Parkinson rubutunsa ƙanƙancewa yake yi, ya fara da girma ya ƙare kamar tafiyar tururuwa. Mai ciwon gaɓoɓi, mai ciwon suga da ya taɓa jijiyoyin yatsu, wanda idonsa ya yi yana, duk hannunsu yana sauyawa.

In za ku koma, ku je da safe bayan ya karya ya sha magani. A ba shi kujera da tebur. Ku tafi da biro mai kauri, ko ku naɗa wa na gida tsumma ko roba ya cika hannu. Kuma kada a ce sai ya kwaikwayi tsohon sa hannunsa, ya zaɓi sabo gajere wanda hannun zai iya maimaitawa ba wahala.

Maman Walid: Na gode Dakta. Wallahi wannan na ƙarshen ne zai yi wuya. Baba yana alfahari da sa hannun nan. Jiya da daddare ƙanena ya same shi da tsohon littafin rubutu, ya cika shafi biyu yana gwadawa.

Malam Habu: Wannan magana ta taɓa ni. Ni da ajami nake sa hannu, daga dama zuwa hagu, haka na buɗe asusuna. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba yaran kanta suna juya takardar sama da ƙasa don ba su san ina ne farkonta ba. Malam Nura, ita na'urar taku ta san ajami?

Kuma ina so a tuna, mu a da ba da wannan ake gane mutum ba. Wasiƙun sarakuna hatimi ake buga musu, kuma ɗan aiken da ya kawo sananne ne. Ciniki da bashi kuwa shaidu ake kafawa, ayar bashi a ƙarshen Baƙara ta ce a rubuta kuma a kafa shaidu. Rubutu shi kaɗai bai taɓa isa ba. Yau an ɗauki zane ɗaya da mutum ya yi yana saurayi an ce shi ne shi har ya mutu.

Injiniya Nura: Allah ya gafarta Malam, a ƙa'ida na'urar ba karanta haruffa take yi ba, zane take aunawa, don haka ajami ba zai gagare ta ba. Amma abin da aka horar da ita da shi yana da tasiri. Manyan tarin sa hannun da masu bincike ke amfani da su, akwai na Sifen kamar GPDS da MCYT, akwai CEDAR na Amurka, akwai na Sinanci, akwai na Hindi da Bengali, akwai na Farisanci da aka tara a Jami'ar Tehran. Wanda ya fi kusa da hannun Malam shi ne na Farisancin, shi ma salon rubutunsu ba irin namu na allo ba ne. Kuma an sha gani cewa manhajar da aka horar da wani rubutu ƙoƙarinta yana raguwa in aka kai ta wani. Shi ya sa nake cewa duk wanda zai sayo irin wannan ya kawo nan, a fara gwada ta da hannun mutanenmu, a ga su wa take kora.

Akwai ma wasu da abin ya fi shafa: wanda bai saba riƙe biro ba, aka ce dole ya sa hannu, ya yi wani ɗan zagaye ranar buɗe asusu. Bayan wata shida shi kansa bai tuna me ya zana ba. Hannunsa bai haddace komai ba, to babu abin da za a auna.

Ummi: To ai gara dangwale kawai a huta.

Hajiya Rabi: Dangwalen ma yana da nasa. Manomi da magini da mai wankau, zanen yatsunsu yana shafewa. Tsofaffi fatarsu tana laushi na'urar ta kasa ɗauka. Mata masu ƙunshi kuwa kin fi ni sani. Kin manta zaɓen 2015 da na'urar tantance masu zaɓe ta yi ta ƙin karɓar Shugaba Jonathan a mazaɓarsa ta Otuoke, duniya tana kallo? Abin da na koya a kanta shi ne kada ka rataya mutum a kan shaida ɗaya. In hannu ya ƙi, ga yatsa. In yatsa ta ƙi, ga fuska, ga tambayoyin da mai asusu kaɗai zai amsa, ga kiran lambar wayarsa.

Bashir: Gaisuwa daga Amurka. A nan wajen sayayya an ma bar maganar. Tun Afrilun 2018 manyan kamfanonin kati irin su Visa da Mastercard suka daina wajabta sa hannu a rasiti, domin babu mai dubawa kuma katin mai ƙwaƙwalwa ya fi shi tsaro. Inda abin ya rage da ƙarfi shi ne zaɓe. Jihohi da dama suna aika wa mutum ƙuri'arsa gida, ya cike, ya sa hannu a bayan ambulan, a kwatanta da wanda ke rajista. Wasu ƙananan hukumomi na'ura ce ke fara dubawa, kamar gundumar Clark ta jihar Nebada a zaɓen 2020, har aka je kotu a kai. Abin da ya burge ni shi ne yadda aka tsara: wanda na'ura ta gamsu da shi ya wuce, wanda ba ta gamsu ba sai ya tafi gaban mutane su duba, in su ma suna shakka a tuntuɓi mai ƙuri'ar a ba shi kwanaki ya zo ya tabbatar. Ni kaina an taɓa aiko mini da irin wannan wasiƙar. Sa hannun da ke rajistata a kan ɗan allon nan mai santsi na yi shi a ofishin lasisin tuƙi, alƙalamin yana zamewa, ya fito kamar ba nawa ba. Da shi ake auna wanda na yi a nutse a teburin gidana.

Barista Sadiƙ: Bashir ka taɓo babbar magana: samfurin da ake aunawa da shi, wa ya tabbatar da shi? A 1983 mujallar Stern ta Jamus ta fito da littattafai kusan 60 da aka ce kundin sirrin Hitler ne, ta biya sama da mak miliyan 9, kuɗin Jamus na wancan lokacin. An ba masana rubutun hannu su duba, suka ce hannu ɗaya ne da samfurin da aka ba su. Ba su yi ƙarya ba, domin wasu daga cikin samfuran ma Konrad Kujau ne ya rubuta su, wato mutumin da ya ƙirƙiri littattafan. Sai da aka gwada takardar da tawadar aka ga bayan yaƙi aka yi su. Don haka in wani ya samu hanyar sauya katin da ke cikin kwamfuta, na'urar za ta karɓi ɓarawo da maki cikakke ta kori mai asusu. Ko a kotu, sashe na 101 na Dokar Shaida ta 2011 da ya ba alƙali damar kwatanta sa hannu, sharaɗinsa shi ne a kwatanta da wanda aka amince ko aka tabbatar na mutumin ne.

Alhaji Kabiru Kwari: To kun ga ke nan sabunta katin da Hajiya ta ce ma ƙofa ce. In aka sauƙaƙa, gobe wani zai turo tsoho a keken guragu ya ce mahaifinsa ne, a sauya hannu, a kwashe. Maman Walid, ba da ke nake ba, Allah ya sani. Amma mun ga 'ya'yan da suka cinye iyayensu da ransu.

Hajiya Rabi: Wannan gaskiya ne Alhaji, na gani da idona. Shi ya sa in ana sabuntawa ake ɗaukar yatsa a gwada da BVN, kuma jami'i mai hankali yakan ce 'ya'yan su ɗan ba da wuri, ya yi magana da dattijon shi kaɗai, ya ji ko da son ransa ne. A tsaurara a nan, ranar sauyawa, sau ɗaya. Ba a bar kati na shekara 20 a kwamfuta ba, sannan a riƙa wahalar da mutum duk wata. Da ni ce ke da iko, duk wanda ya kai shekara 60 sai a riƙa kiransa lokaci-lokaci ya sabunta, tun kafin lalura ta zo.

Injiniya Nura: Akwai tsare-tsaren da ke yin haka da kansu, duk sa hannun da aka karɓa sai su ƙara shi cikin samfura, su riƙa tsufa tare da mai su. Yana aiki ga sauyin da ke zuwa a hankali. Irin na Baba da ya zo dare ɗaya, dole sai mutum ya shiga.

Maman Walid: Salam. Na dawo da bayani kamar yadda na yi alkawari. Yau da ƙarfe tara muka je, da takardar asibiti da biron da na naɗa wa roba. Muka nemi manajan ayyuka. Mutumin kirki ne, ya shigar da Baba ofis, ya ba shi kujera, ya ce in jira a waje kamar yadda Hajiya ta ce. An ɗauki yatsarsa, ta hagu ce ta karɓu. Na tambaye shi maganar na'ura, ya ce a kantarsu ido ne, hoton katin kawai ke fitowa. Katin kuwa da ya nuna mana, na 2006 ne.

Sun ce ya zaɓa, ko dangwale ko sabon sa hannu. Baba ya ce shi malami ne, zai rubuta. Ya yi haruffan farko na sunansa guda uku, ba jela, sau uku a katin. An biya shi, an kuma karɓi takardar sabon katin cirar kuɗi, sun ce mu dawo ranar Alhamis.

Dakta Zainab: Alhamdulillahi. Ya riƙa yin haruffan ukun nan sau biyar kullum da safe, kada ya wuce haka, har hannun ya riƙe su.

Malam Habu: Madalla. Hajiya Rabi, ni nawa katin ya fi na malam tsufa, kuma idona ya fara. In na je sabuntawa, za su bar ni in sake yi da ajami, ko za su ce sai boko?

Hajiya Rabi: Da ajaminka za ka yi, Malam, sa hannu ba shi da yare. Ka tafi da tabaraunka da takardar NIN, kuma ka ce a nuna maka hoton bayan an saka a kwamfuta, ka tabbatar ba a kife shi ba.